Zuwa ga mutumina na Hambog: na faɗa kogin Volta, na kuma fito

Nima, Akra

Assalamu alaikum, mutumina, Alhajin ƙanƙara.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyi, ya aikin dare, ya amarya? Har gobe amarya za mu ce mata, ko da Auta ya fi ka tsawo. Na san ka cika ka batse. Saƙonninka duk na saurara, har da wanda ka ce idan na mutu a gaya maka da wuri ka yi min sallar ga'ib. Ina nan da raina. Maganar katangar filinka na Amasaman kuwa sai wani karon, yanzu ka bari in sauke abin da ke cina, don ya fi ƙarfin saƙon murya.

Na gama gasar. Ni ɗin nan da ka sani, wanda ko a filin Kawukudi tun kafin hutun rabin lokaci nake ɗaga hannu a canza ni. Iyo mita 750, ka fito ka hau keke kilomita 20, ka sauka ka yi gudu kilomita 5, duk a jere, agogo kuma ba ya jiranka ko don ka ɗaura igiyar takalmi. Wannan shi ne ƙaramin zangon tirayatilon. Wanda ake yi a Olamfik tun wasannin Sidni na 2000 ninkinsa ne daidai: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Kafin ka fara dariya, ba gasar ƙasa ba ce. 'Yan ƙungiyarmu ta motsa jiki ne suka haɗa kuɗi aka yi ta a Atimpoku, ƙasa da madatsar Akosombo, inda gadar Adomi take. Ban zo na ƙarshe ba. Mutum nawa ne a bayana, wannan kuma ba ruwanka.

Asalin abin ka san shi, tun ranar da likita ya auna jinina ya cire tabarau ya tsaya yana kallona. Daga nan na shiga ayarin masu hawa dutsen Aburi da asubahin Asabar, daga Ayi Mensah zuwa Peduase, mata da maza da tsofaffi kowa yana haki, mai kwakwa yana jiranmu a sama. A can na ga masu kekuna suna wuce mu a tudun nan suna hira, raina ya biya. Na sayi na gwanjo, irin waɗanda ake saukewa daga kwantena a Tema, wani bakanike a Mamobi ya canza min sarƙa da birki. Keke da gudu ba su ba ni tsoro ba. Wanda ya taso yana kai saƙon Hajiya daga Nima zuwa Tudu a ƙasa, gudu ba baƙonsa ba ne.

Ruwa ne matsalar, kuma a kansa nake son in yi maka magana ta gaskiya.

Ka tuna yadda iyayenmu mata suke gane mun saci jiki mun je Labadi? A kama hannunka a karce fata da farce, in ta yi fari, gishirin teku ya tona maka asiri, sai bulala. Ban ga laifinsu ba. Tekun Akra yana da igiyar da ke ja ta ƙasa, kuma da wuya a yi bikin Sallah ko na Ista ba a ji an rasa yaro a bakin ruwa ba. Amma ka duba abin da aka yi mana: an hana mu zuwa, ba a koya mana iyo ba, mu kuma ba mu fasa zuwa ba. Muka girma a birnin da ke bakin teku, a unguwar da ruwan sama ɗaya ke cika babban kwalbatinta ya yi awon gaba da mutum, amma a cikin sa'o'inmu duka ban san mutum uku da za su iya fitar da kansu daga ruwan da ya fi ƙarfin tsayinsu ba. Kai ma ba ka ciki, kada ka gyaɗa kai.

A kwamin iyo na jami'ar Legon na fara, hannun wani yaro sa'an ɗana na fari. Furfura a gemu, ina riƙe da bango ina hura kumfa, yara 'yan firamare suna wucewa ta gefena. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne numfashi. Mu da muka ji ruwa a fuska sai mu riƙe numfashi, shi kuwa iyo so yake ka fitar da iskar a hankali kanka yana cikin ruwa, ta yadda in ka juyo da fuska gefe shaƙa kawai za ka yi. Sai da jikina ya yarda da wannan kafin ƙafafuna suka daina nutsewa. Daga baya na riƙa zuwa babban kwamin Bukom, har na leƙa na Borteyman da aka gina don wasannin Afirka da aka yi a nan a watan Maris na 2024. Na fara jin kaina.

To, kwami daban, kogi daban. A kwami ruwa garau ne, akwai baƙin layi a ƙasa da kake bi, kuma in ka gaji bango yana jiranka. A Volta babu layi, babu bango, ko hannunka ba ka gani sosai. Aka busa usur muka faɗa gaba ɗaya, wani ya hamɓare ni a haɓa, tabarauna ya goce, na sha ruwa. Nan take ƙirjina ya rufe. Duk abin da yaron nan ya koya min ya gudu, babu abin da ya rage sai muryar Hajiya tana cewa ruwa ba shi da reshe. Wallahi, mutumina, na ga mutuwa da idona, ga gaɓa ba nisa amma hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Na juya rigingine, kamar yadda aka ce mu yi. Ina ta Hasbunallahu, ina kallon bakan ƙarfen gadar a sama. Mai kwalekwalen da ke tsaronmu ya matso ya ce da Ewe wani abin da ban gane ba, ya miƙo min gefen jirgin. Doka ta yarda ka dafa ka huta, muddin jirgin bai ja ka gaba ba. Na dafa, na gyara tabarau, na jira zuciyata ta sauko. Da ya nuna min cikin jirgin da hannu, wato in hau, sai na girgiza kai na saki. Ban san daga ina wannan taurin kan ya zo ba, wataƙila daga tunanin bakinka.

Sauran tafiyar dabara ce, ba ƙarfi ba. Duk bayan 'yan bugu ka ɗaga ido kaɗan ka nemo ƙatuwar balan-balan da aka kafa, in ba haka ba ka yi ta iyo ka nufi Kpong ba ka sani ba. Ruwan ƙasan madatsa yana tafiya, ƙarfinsa kuma ya danganta da yawan wanda injinan wuta suke saki, saboda haka dole ka nufi sama da inda kake son zuwa don ya kawo ka daidai. Da ƙafata ta taɓa laka na miƙe, jiri ya kwashe ni, amma dariya nake yi ni kaɗai.

Af, kafin in manta, Dogo ya yi aure na biyu. Eh, shi ɗin. Wanda ya ce min Mami Wata za ta riƙe ni a Volta ta mayar da ni mijinta. Na ce masa shi da ya ƙaro mata da kuɗin haya a kansa, shi ya fi buƙatar addu'a. An yi walima a Sabon Zango, shinkafa da wake ta ƙare tun kafin manya su zauna, ƙanwarka ta Madina ta ce in gaya maka gudummawarka ba ta iso ba, kuma kowa ya lura.

Abin tsoro a kogin ba aljana ba ce, tsargiya ce. Tana nan a Volta, tana fitowa daga dodon koɗin da ke maƙale a ciyawar bakin gaɓa, ta fata kuma take shiga. Mun shiga ta inda aka share ciyawar, amma duk da haka likita ya ce in dawo bayan wasu makonni a gwada fitsari, in an ga wani abu akwai ƙwayar praziquantel. Uwargida ta ce da na zauna a gida da ban buƙaci ko ɗaya ba.

Keke ya tafi lafiya lau. Akwai ƙa'ida mai zafi a wajen canji: sai ka ɗaura hular kwano ka ƙulle maɓallinta kafin ka taɓa keken, kuma ba ka hawa sai ka tura shi ka wuce layin da aka ja. A hanya kuma an hana ka laɓe a bayan wani yana sare maka iska, ko ka wuce shi ko ka ba shi tazara. Wanda ya saba da rabon hanya da motocin haya na trotro da okada a titin Kanda, hanyar Akosombo da safiyar Lahadi hutu ce gare shi. Gudun ne ya so ya kunyata ni. Da ka sauka daga keke ƙafafun ba naka ba ne, kamar an ɗaura maka turmi a kowace cinya. Shi ya sa a horo muke haɗa su, a sauka daga keke a kama gudu nan take, don jiki ya saba da wannan cin amanar. Rana ta riga ta ɗaga, na yi ta zuba ruwa a ka, wata mai sayar da abolo, wainar masara, a bakin hanya tana min kirari da yaren da ban ji ba har na wuce.

Sutura ma sai da aka yi shari'a a kanta. Rigar gasar guda ɗaya ce mai ɗame jiki, da ita ake iyo da keke da gudu. Na ce ni dai ba zan wuce ta gaban dattawan masallacinmu da asuba a cikin wannan ba. Na samo dogon gajeren wando mai rufe gwiwa a Kantamanto na ɗora a kai. Yana ɗan riƙe ruwa, amma na gwammace haka. Kasuwar ta farfaɗo bayan gobarar Janairun 2025, sai dai kaya sun yi tsada, mutumin da nake sayen takalmin gudu a wajensa komai nasa ya ƙone. Duk da wandon, Baba Ladan bai fasa tambayata ko Turawa ne suke biyana ba. Da na ce ni nake biya, sai ya yi salati.

Yanzu ga inda nake buƙatarka. 'Yan ƙungiya sun fara zuga ni a kan rabin Ironman: iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1, a gama cikin awa takwas da rabi, iyon kaɗai kuma in ka wuce awa ɗaya da minti goma an cire ka. Cikakkensa, wanda aka faro a Hawai a 1978, ninkin wannan ne, shi kam na bar wa masu taɓin hankali. Wasu suna maganar Afirka ta Kudu, tunda tun Nuwamban 2023 mai fasfon Gana ba ya buƙatar biza ya shiga. Wasu sun fi son irin wadda aka yi a Rubavu ta Ruwanda a 2022, a tafkin Kibu, amma ƙasar nan tudu ce a kan tudu, ni kuma Aburi ɗaya ma da addu'a nake gama shi. Kuɗin rajista da dala ake biya, ga tikiti, ga masauki, ga keken ma sai an kwance shi an sa a jaka ta musamman an biya masa nauyi a jirgi. Da na lissafa da sidi, kuɗinmu na Gana, na gaya wa uwargida, ba ta ce komai ba, ta dai tambaye ni ko asusun Hajji ya cika. Ka san irin wannan shirun.

Ban yanke shawara ba. Abin da na yanke shi ne yarana duka za su koyi iyo, har da 'yan matan, na riga na samo musu rigar da ke rufe jiki da malama mace. Hajiya ta ce in na kashe mata jikoki ba za ta yafe ba, na ce ta zo ta zauna a bakin kwamin ta yi gadi. Ta ce za ta zo. Ina jiran ranar nan fiye da kowace gasa.

Kafin azumi kuma muna shirin zuwa garinku Kumashi mu gwada tafkin Bosomtwe, don in ƙara sabawa da ruwan da ba a ganin ƙasansa. Can babu igiya mai ja, rami ne da dutse daga sama ya faɗo ya haƙa shekara kusan miliyan ɗaya da ta wuce, masunta a kan katako suke zama su yi tuƙi da hannu. Za mu sauka ta Abono. Kai da aka haifa a Aboabo, kilomita talatin da 'yan kai tsakaninka da tafkin, na rantse ko yatsa ba ka taɓa tsomawa ba. Bakin ƙungiyar ƙwallonku ta Kotoko kawai kuka iya. In azumi ya kama, iyo zai tsaya, gudu ya koma bayan asham.

Don haka ka duba min a kasuwar gwanjonku ta can: jakar ɗaukar keke a jirgi, ko ta tsufa in dai zif ɗinta yana aiki, da takalmin keke mai maƙalewa a feda, lamba 44, tare da fedar. Kada ka sayo sabo, kada kuma ka aiko da ƙafa ɗaya irin na wancan karon. In ƙanin amarya yana nan a kan zuwa da Sallah, ka ba shi ya riƙo, zan tare shi a filin jirgi da kaina, in ya so ya ci tuwo da miyar ayoyo a gidana kafin ya wuce Kumashi. Kuɗin kuma ka cire daga bashin da nake binka tun bikin Dogo na farko.

Ka gaishe da amarya da yara. Hajiya tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko ya ƙare.

Naka,
Sarkin Ruwan Nima