Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sufeto Janar Na 'Yan Sandan Najeriya Kan Karnukan Aiki

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan karnukan da rundunarka ke fitowa da su wajen manyan taruka da wuraren bincike, domin shinshino ƙwaya ko abubuwan fashewa. Roƙona shi ne a rubuta ƙa'idar horar da su da jarraba su, su da masu riƙe da su, a buga ta inda kowa zai karanta.

Yallaɓai, idan kare ya tsaya a kan jakar mutum, an samu dalilin zazzage kayansa a bainar jama'a, wani lokaci har da tsare shi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. To hancin da za a keta wannan haƙƙi saboda shi, wa ya gwada shi, kuma yaushe?

Matsalar ta fi yawa wajen mai igiya. A 2011 wata mai bincike, Lisa Lit, ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, ta gwada karnuka 18 da masu riƙe da su. Aka shigar da su ɗakunan da babu ƙwaya, babu abin fashewa ko ɗaya, sai dai an gaya wa mutanen cewa inda aka manna jar takarda, nan abin yake. Sau 225 aka ce kare ya nuna wani abu, kuma wurin jar takardar nan ya fi ko'ina samun wannan nunin ƙarya. Kare na karanta jikin ubangidansa: yadda ya rage tafiya, yadda ya ja igiya, inda ya kafa ido. Idan ɗan sanda ya riga ya zargi mutum saboda shigarsa ko yarensa, kare zai iya tabbatar masa da zargin ba tare da ya ji ƙanshin komai ba. A jihar New South Wales ta Ostireliya ma, rahoton hukumar sauraron koke ta 2006 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen da aka caje bayan nunin kare, ba a same su da ƙwaya ba.

Shi ya sa takardar shaidar cin jarrabawa ta dace ta zama ta kare da mai riƙe da shi tare. Ranar da aka sauya wa kare mai riƙo, a sake jarrabawa. A riƙa sabunta ta duk shekara, a hannun waɗanda ba su suka yi horon ba, kuma mai riƙon kada ya san inda aka ɓoye abin, ko ma an ɓoye wani abu. Kowane kare ya samu littafinsa: sau nawa ya nuna, sau nawa aka samu, sau nawa aka tashi a tutar babu. Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Florida da Harris ta 2013, ta yarda a dogara da takardar horon kare, amma ta bar wa wanda ake tuhuma damar ƙalubalantar ingancinta. Lauyoyinmu ma su samu abin da za su nema a gaban alƙali.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, malaman fiƙihu kuma suka gindaya sharaɗi: idan aka tura shi ya tafi, idan aka tsawata masa ya tsaya. Karen da ba ya sakin mutum idan an ce ya saki, bai kamata ya shiga taro ba, komai tsadar da aka sayo shi.

A kuma koya wa masu riƙo yanayin ƙasarmu. Karen da ke haki a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, ƙarfin hancinsa ya ragu, yana bukatar inuwa da ruwa da hutu. Allurar ciwon haukan kare ta zama a rubuce cikin littafin. Sannan a sanar da su cewa da yawa cikinmu ba sa son kare ya taɓa musu tufafin salla ko ƙunshin abinci; ana iya ajiye kaya a ƙasa, mai su ya ja gefe, kare ya yi aikinsa.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano