A zana mana taswirar ruwan da ke cikin dutsen Kalambaina

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan ruwan sha, musamman namu na Kware da Wamakko da gefen birnin Sakkwato, inda rijiyoyi da yawa ke cikin farin dutsen nan da ake yin siminti da shi a Kalambaina.

A shekarar 2017, UNESCO da hukumar binciken ƙasa ta Jamus da ƙungiyar masana ruwan ƙarƙashin ƙasa suka fitar da taswirar WOKAM, mai nuna inda irin wannan dutse yake a faɗin duniya. Ya mamaye kusan kashi 15 cikin 100 na busasshiyar ƙasar da babu ƙanƙara a kanta, kuma sama da mutum biliyan 1 ke zaune a kansa. Birane irin su Roma da Dimashƙa daga maɓuɓɓugansa suke sha. Allah ya saka wa waɗanda suka yi aikin. Sai dai santimita 1 a jikin takardar kilomita 400 ne a ƙasa, ka ga duk Jihar Sakkwato ba za ta wuce ƙwayar wake ba. Mai gidan da zai haƙa masai a Kware ba zai samu amsa a cikinta ba.

Damuwata ke nan. Ruwan sama yana da ɗan tsami, yana cin wannan dutse a hankali, har ƙaramar tsaga ta zama hanya, hanya ta zama kogo. A cikin yashi ruwa yana tafiya sannu yana tacewa. A cikin wannan dutse kuwa gudu yake yi, kuma duk abin da ya ɗauko da shi yake isa rijiya. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu sun haƙa rijiya, ɗaya ya tarar da ruwa, ɗayan ya yi ta sara dutse a banza. Matanmu sun san ruwan tun kafin masana: sabulu ba ya kumfa sosai, gindin butar shayi kullum fari fat. Wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne masan da aka haƙa kusa da rijiya, da tsohon rami da aka mayar juji. Na ga rijiyar da ta gurɓace kwana kaɗan bayan ruwan farko, alhali bakinta a rufe yake. Ta ƙasa dattin ya shigo.

Tun 1973 masanan Amurka suka wallafa bincike kan ruwan ƙarƙashin ƙasar Sakkwato, suka nuna cewa dutsen Kalambaina yana riƙe ruwa a saman wani laka mai hana shi nutsewa, kuma shi ke ciyar da rijiyoyi da maɓuɓɓugai da tafkuna da rani. Yau gidaje sun ninka, kowa yana haƙa burtsatse inda ya ga dama.

Roƙona ga hukumar NIHSA, mai binciken albarkatun ruwa a Najeriya, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da Jami'ar Usmanu Danfodiyo shi ne su haɗa kai su zana mana tamu taswirar, unguwa-unguwa. Akwai dabarar zuba rini marar lahani a rami, a jira a ga rijiyar da zai ɓullo. A gwada ta a nan. A kuma zauna da tsofaffin masu haƙar rijiya, don sun san gaba nawa ake yi kafin a taɓa dutse a kowane ƙauye, kuma babu wanda ya rubuta abin da ke kansu. In an gama a buga taswirar da Hausa, a kai wa hakimai da masu unguwanni, saboda su ake fara tambaya in za a yanka fili.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Kware, Jihar Sakkwato