A riƙe albashin ma'aikaci kafin a yi maganar rance

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata magana da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kanta lokacin annobar korona, aka kuma jingine ta da zarar an buɗe kasuwanni. Maganar ita ce yadda gwamnati za ta tallafa wa ƙananan masu sana'a da ma'aikatan da ke bakin kora idan cuta ta tilasta wa jama'a zaman gida. Yanzu da ƙura ta lafa, ana iya duba abin da ƙasashe suka gwada a 2020 da 2021, a ware wanda ya yi aiki da wanda ya cinye kuɗi a banza. A ganina, kuɗin da ya fi amfani shi ne wanda ya hana a raba ma'aikaci da wurin aikinsa, ya kuma iso hannu cikin makonni kaɗan.

Dalilin gaggawar a fili yake. Wani binciken cibiyar JPMorgan Chase na 2016 ya nuna cewa matsakaicin ƙaramin kamfani a Amurka yana da kuɗin da zai riƙe shi kwana 27 ne kacal idan ciniki ya tsaya. Ranar da aka garƙame shago, hayar wuri tana nan, bashin banki yana nan, kuɗin wuta da ruwa suna nan. A cikin duk waɗannan, albashi ne kaɗai mai wurin zai iya yankewa a rana guda ba tare da ya nemi yardar kowa ba, shi ya sa kora take zama matakin farko. Amma hasarar kora ba ta tsaya kan wanda aka kora ba. Telan da ya shekara bakwai a wuri ɗaya, ko makanikin da ya san kowane inji da motsinsa, idan ya tafi ya tafi da abin da ya sani. Ranar da aka buɗe, sai mai wurin ya nemo sabo, ya koya masa, ya jure kurakuransa, a daidai lokacin da aljihunsa ya fi bushewa.

Jamus ce ta fi kowa shiri, domin tsarinta na rage sa'o'in aiki, wanda suke kira Kurzarbeit, ya daɗe yana aiki, kuma ya taimake ta a rikicin kuɗi na 2008 zuwa 2009. Mai kamfani yana sanar da hukumar ƙwadago cewa aiki ya ragu, ya rage wa ma'aikata sa'o'i, ya biya su na sa'o'in da suka yi. Gwamnati kuma ta biya kashi 60 cikin 100 na albashin da ya zube, ko kashi 67 ga mai 'ya'ya. A misali, wanda yake karɓar yuro 2,000 a hannu, aka mayar da shi rabin aiki, zai sami 1,000 daga kamfani da 600 daga gwamnati, ya koma gida da 1,600, kuma sunansa yana nan a littafin ma'aikata. Da annoba ta zo ba su ƙirƙiro sabon abu ba, sassauta sharuɗɗa kawai suka yi. A da sai ragin ya shafi kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatan kamfani, suka mayar da shi kashi 10 cikin 100. Suka ɗauke wa masu kamfani kuɗin inshorar ma'aikata na sa'o'in da ba a yi ba, suka kuma ɗaga tallafin zuwa kashi 70 daga wata na huɗu, da kashi 80 daga wata na bakwai. A watan Afrilun 2020 kusan mutum miliyan 6 ne ke cikin tsarin, kuma rashin aikin yi a ƙasar bai wuce kashi 6 da ɗoriya ba, alhali a Amurka ya haura kashi 14 a wannan watan. Inda tsarin yake da rauni shi ne mai kamfani ne yake fara biya daga aljihunsa kafin a mayar masa. Babban kamfani zai iya jira. Mai ma'aikata biyar da asusunsa ya ƙare, ko jinkirin mako uku ya isa ya durƙusar da shi, don haka ƙasar da za ta kwaikwayi wannan ya kamata ta riƙa ba ƙananan kuɗin tun kafin ranar albashi.

Birtaniya ba ta da irin wannan tsari, cikin wata guda ta gina nata. An sanar da shi ranar 20 ga Maris 2020, shafin neman kuɗin ya buɗe ranar 20 ga Afrilu, kuɗi kuma yana shiga asusun kamfani cikin kwanakin aiki shida. Gwamnati tana biyan kashi 80 na albashi, iyakarsa fam 2,500 a wata. Abin da ya ba su wannan sauri shi ne hukumar haraji ta riga ta san sunan kowane ma'aikaci da abin da ake biyansa duk wata, ba sai an tsaya tantancewa ba. Kuskurensu na farko shi ne sharaɗin cewa wanda ake biya wa albashi bai isa ya taɓa aikin kamfanin ba ko na awa ɗaya. Gidan abincin da zai iya sayarwa ta taga na rabin yini sai ya ga rufewa gaba ɗaya ta fi masa riba. Sai 1 ga Yuli aka gyara, aka yarda a haɗa aiki da tallafi. Akwai kuma waɗanda suka canja wurin aiki dab da kulle, sunansu bai shiga rajistar albashi ba kafin ranar da aka yanka, suka tashi a tutar babu: sun bar tsohon wuri, sabon kuma ba shi da ikon nemo musu komai.

Amurka ta bi ta bankuna da shirin kare albashi da ake kira PPP, kuma a nan ne aka fi ganin abin da bai kamata a maimaita ba. Kamfani yana karɓar rancen da ya kai ninki biyu da rabi na albashin da yake biya a wata, da kuɗin ruwa kashi 1, a yafe masa idan ya riƙe ma'aikatansa ya kuma kashe kashi 75 a kan albashi cikin mako takwas. A takarda abin ya yi kyau. Amma dala biliyan 349 na zagayen farko sun ƙare cikin kwana 13, domin wanda ya riga shi ke samu, bankuna kuma suka fara da waɗanda suka saba hulɗa da su, masu akanta da lauya. Mai aski da mai wanki da ba su taɓa cin bashin banki ba suna bayan layi har aka ce kuɗi ya ƙare. Wasu manyan kamfanoni sun karɓa, kamar kamfanin gidajen abinci na Shake Shack da ya mayar da dala miliyan 10 bayan jama'a sun yi caa. Sharaɗin kashi 75 ɗin ma ya cuci masu shago a biranen da haya take da tsada, har a watan Yuni aka sauke shi zuwa kashi 60, aka tsawaita wa'adin zuwa mako 24. Masana tattalin arziki da suka bi sawun kuɗin daga baya sun ƙiyasta cewa abin da ya kai ga ma'aikatan da da gaske za a kora bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Sauran ya tafi ga masu kamfanoni da masu hannun jari da waɗanda suke bin su bashi.

Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne ƙarin dala 600 a mako da aka yi wa kowane mai karɓar tallafin rashin aiki a Amurka, mai babban albashi da mai ƙarami. Ba don an ga adalci a ciki aka yi shi bai-ɗaya ba. Kwamfutocin ofisoshin jihohi ne suka tsufa, ba za su iya lissafa kason albashin kowa cikin gaggawa ba. Sakamakon haka mutane da yawa sun fi samun kuɗi a zaune a gida fiye da a bakin aiki, a daidai lokacin da ake biyan masu kamfani don su dawo da su.

Game da rance kuwa, Malam Edita, a nan nake saɓa wa masu ganin shi ne maganin komai. Rance yana da muhallinsa: sayen kaya ranar buɗewa, gyaran injin da ya daɗe a kashe, wato abin da zai haifi kuɗin biyansa. Albashin watan da aka rufe shago ba ya haifar da ko sisi. Wanda ya ci bashi ya biya shi ya ɗage mutuwar kasuwancinsa ne zuwa ranar da biya ya fara. Birtaniya ta ba da rancen gaggawa har fam 50,000, gwamnati ta tsaya wa bankuna ɗari bisa ɗari, babu biya a shekarar farko. Tun da bankin ba shi da abin da zai rasa, bai ga dalilin bincike ba, mutum ne yake faɗin cinikinsa da bakinsa a ba shi rubu'insa. Aka yi ta farfaɗo da matattun kamfanoni ana karɓa, wasu har a bankuna biyu. Ko da an bar wa banki kashi 10 na hasarar, da ya buɗe ido. Kuma abubuwa biyu masu sauƙi sun isa su toshe yawancin ɓarnar ba tare da an jinkirta kowa ba: a duba cewa kamfanin yana da rajista da motsin kuɗi kafin annoba, a kuma haɗa sunayen masu karɓa a rumbu ɗaya da duk bankuna suke gani.

Duk wannan magana ce ta masu takardar albashi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce fiye da kashi 60 na masu aiki a duniya, kusan mutum biliyan 2, ba su cikin kowace rajista. Ɗan dako, mai talla, direban haya, yaron shago, babu wanda zai rubuta musu takardar sallama, aikin ne kawai yake ɓacewa. Su kuɗi kai tsaye ne maganinsu, matsalar ita ce yadda za a gane su. Togo ta ba da misali mai kyau da shirin Novissi a Afrilun 2020. Mutum yana danna *855# a kowace irin waya, ya sa lambar katin zaɓensa. Katin yana ɗauke da sana'a da unguwa, kuma an sabunta rajistar saboda zaɓen Fabrairun shekarar, don haka na'ura take tantancewa nan take, kuɗi ya faɗo a waya duk mako biyu. Mata suna samun sefa 12,250 a wata, maza 10,500, bisa hujjar cewa kuɗin mace ya fi kaiwa ga tukunya. Wanda ba shi da katin zaɓe, kamar baƙo ko wanda bai yi rajista ba, bai samu ba, wannan gibi ne na gaske. Amma an yi amfani da rajistar da ke hannu, ba a tura jami'ai gida-gida da takarda da biro a tsakiyar cuta ba, ba a kuma miƙa jerin sunaye ga wanda zai cusa danginsa ba. Brazil ta biya real 600, kuɗin ƙasar, a wata ta manhajar bankin gwamnati, ta kai ga mutum sama da miliyan 60, sai dai waɗanda manhajar ta gagara sun yi dafifi a ƙofar bankuna, abin da kullen yake son hanawa ke nan.

Saura yadda ake janye hannu, wanda ya fi farawa wuya. Yankewa a rana guda kora ce da aka jinkirta. Birtaniya ta bi a hankali a 2021: masu kamfani suka ɗauki kashi 10 na albashin a Yuli, kashi 20 a Agusta da Satumba, aka rufe ranar 30 ga Satumba bayan an tallafi guraben aiki miliyan 11.7 da kusan fam biliyan 70. Wannan ɗan kason yana sa mai kamfani ya faɗi gaskiya kan aikin da zai dawo da wanda ya riga ya mutu. Amma a shekarar da ta gabata sun yi tuntuɓe. An tsayar cewa shirin zai ƙare ranar 31 ga Oktoba 2020, sai a ranar ce aka sanar da tsawaita shi saboda sabon kulle. Dokar ƙasar tana tilasta wa mai niyyar korar mutum 20 zuwa sama ya fara tuntuɓar ma'aikata kwana 30 kafin nan, kwana 45 idan sun kai 100. Ke nan tun a Satumba takardun sallama suka fita, kuma korar da aka yi tsakanin Satumba da Nuwamba ita ce mafi yawa tun da aka fara ajiye wannan lissafi. Shi ya sa nake ganin a ɗaure ƙarshen tallafi da ranar da aka ɗage dokar rufe kowace sana'a, a ƙara mata wata biyu, a kuma sanar da duk wani canji aƙalla kwana 60 kafin ya fara aiki. Otal da gidan biki da kamfanin jirgi ba sa farfaɗowa rana ɗaya da shagon magani.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu