Wasiƙa zuwa ga ɗana a Jidda

Assalamu alaikum. Ina fata kai da mai ɗakinka kuna lafiya. Mu nan Makka lafiya lau, sai zafi.

Mahaifiyarka ta ce ka yi mata kukan ciwon baya, wai katifarku ta lotsa a tsakiya, har wani ya ce ka shimfiɗa mata katako a ƙasa. Shawarar ba laifi. Amma kafin ka kashe ko riyal ɗaya, sauke katifar a kan daɓe ku kwana biyu a kanta. In ka tashi garau, gadon ne mai laifi, wataƙila sandunan ƙarƙashinsa sun yi wa juna nisa ko ɗaya ya karye. In kuwa ramin yana nan ko a ƙasa, to soson ne ya mutu, kuma babu katakon da zai tashe shi. Sai dai sabuwa.

In gadon ne, je wurin kafinta ka ce ablakash kake so, wanda 'yan'uwanmu na Kano ke kira filawud, mai kaurin milimita 18. Kar ka bari ya lallaɓe ka da MDF don araha. Garin katako ne aka danne, da ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi. Falle ɗaya santimita 122 ne a 244, gadonka kuwa 180 a 200, ka ga ke nan biyu za ka saya, a yanka kowanne 90 a 200. A goge gefensa sumul don kar ya yaga rigar katifar.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami: kada katakon nan ya shiga ɗakinka sai an huhhuda shi, rami kamar kaurin yatsa, taƙi ɗaya tsakani. Jidda ba Makka ba ce. Laimar Bahar Maliya har cikin ɗaki take bin mutum, ga gumin da jiki ke zubarwa kullum dare, in bai sami hanyar fita ta ƙasa ba sai ya taru. Ni na gani da idona. Shekarar da muka zauna a can kana goye, na shimfiɗa falle guda ba rami, ina ta jin daɗin dabarata. Ranar da mahaifiyarka ta ɗaga katifar za ta yi shara, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da funfuna, katakon yana naso, warin kamar tsohuwar rijiya. Har yau in muka yi musu sai ta tuna min.

Ledar da katifa ta zo da ita, cire ta. Na san mata na son barinta don kar ta yi datti, amma ita ce ke tsare danshi. Ku sa mata riga mai hana ruwa shiga, tun kafin Allah Ya kawo mai fitsari. Duk wata uku ku juya ta, kai ya koma ƙafa, ku jingine ta da bango a buɗe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta sha iska. In baƙi sun sauka lokacin Umra, bayan sun tafi ka duba ɗinkin gefe, can kuɗin cizo ke ɓuya.

In kafintan ya yanka, aiko min da hoto in ga ramukan. Ka gaida surukata.

Mahaifinka