Sanarwa: idan motar ɗaga kaya ta ƙi saukowa

Assalamu alaikum ƴan uwa direbobin sito. Idan kaya suka maƙale a sama, a fara janye kowa daga ƙarƙashinsu, kuma don Allah kada wanda ya kwance tiyo, domin man da ke matse a ciki shi ne yake riƙe da nauyin. Nauyi ne ke sauke dandamalin, ba famfo ba, saboda haka yawanci hanyar komawar mai tanki ce ta toshe. A duba makunnin kujera, wanda ke hana saukewa idan direba bai zauna daidai ba, sannan fiyus da wayar bawul ɗin saukewa, a kuma leƙa sarƙa ko ta cije. Idan bawul ɗin ne ya toshe da datti, a bar wa makaniki ya tokare dandamalin kafin ya kwance shi.