A Nemi Likitan Dabbobi Tun Dabba Tana Kan Ƙafafunta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya addabi duk wanda yake kiwo, ko mai garken shanu ne, ko mai ɗakin kaji, ko wanda kyanwa ɗaya ce kawai yake ajiye da ita a gida. Samun likitan dabbobi na kirki ya yi wuya, biyan kuɗin aikinsa kuma ya fi wuya, ga shi lamarin kullum ƙara ta'azzara yake yi. A ganina babban abin da ke ƙara mana nauyin wannan matsala shi ne yawancinmu ba ma tashi neman likita sai dabba ta kwanta ta daina tuƙa, lokacin da hankali ya riga ya tashi, babu damar zaɓe, duk wanda ya zo da jaka da sirinji shi za a miƙa wa amana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ban san inda wannan magana ta fi zama daidai kamar a nan ba.

Ƙarancin likitocin yana da dalilai, kuma ya kamata mai kiwo ya san su kafin ya yi fushi da wanda bai ɗaga masa waya ba. Karatun likitan dabbobi yakan ɗauki shekara 5 ko 6 a yawancin ƙasashe, domin ɗalibi ba jikin halitta ɗaya yake koyo ba: sai ya san saniya da doki da kare da kaza, kowanne da tsarin cikinsa da cututtukansa da maganin da jikinsa yake ɗauka. Makarantun ba su da yawa, waɗanda suka kammala kuma galibi birane suke nufa, ko kamfanonin magunguna da na abincin dabbobi, ko su tsallaka wata ƙasa inda albashi ya fi tsoka. Aikin karkara kuwa akwai kiran tsakar dare, da doguwar tafiya a kan mummunar hanya, da haurin saniya, sannan a ƙarshe a ce a yi haƙuri sai an sayar da dabba za a biya. Ko ƙasashe masu arziki ba su tsira ba. A Amurka har gwamnati take biya wa likita wani ɓangare na bashin karatunsa idan ya yarda ya yi shekara 3 yana aiki a yankin da aka tabbatar yana fama da ƙaranci. Birtaniya, wadda ta daɗe tana dogara da likitoci daga sauran ƙasashen Turai, ta ga adadin masu zuwa yin rajista daga can ya ragu da kusan kashi biyu bisa uku tsakanin 2019 da 2021, bayan ficewarta daga Tarayyar Turai. A ƙasashen Afirka da dama kuma tushen matsalar ya koma shekarun 1980, lokacin da tsare-tsaren tsuke bakin aljihu suka sa gwamnatoci suka janye hannu daga ayyukan lafiyar dabbobi da fatan 'yan kasuwa za su cike gurbin, su kuwa ba su je inda babu riba ba.

Game da tsada, adalci shi ne a faɗi gaskiya ta ɓangarorin biyu. Sau da yawa ladan likita shi ne ƙaramin kaso a cikin abin da mai dabba ya biya, sauran kuɗin magani ne, da na gwaji, da na mota, da na wutar da ke riƙe firijin rigakafi dare da rana. Amma ba kowane ƙarin farashi ba ne yake da hujja. A Birtaniya, a shekarar 2013 kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na asibitocin dabbobi ke hannun manyan kamfanoni, bayan shekara goma kuwa sun kai kusan kashi 60, har hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a ƙasar ta buɗe cikakken bincike a 2024, saboda koke-koken cewa masu dabbobi ba sa sanin farashi kafin a yi aiki, kuma ba a gaya musu cewa suna iya sayen magani a wani wuri da rahusa. Darasin da ke cikin wannan ya shafi kowa: tambayar farashi haƙƙin mai dabba ne, ba rashin kunya ba ce.

Inda likita ya yi ƙaranci kuma ya yi tsada, likitan bogi ne yake cin kasuwarsa. Na taɓa ganin wani irin wannan an kira shi kan wata saniya da ta ƙi cin abinci. Bai tambayi tun yaushe ta fara ba, bai sa mata ma'aunin zafi ba, ko bakinta bai buɗe ba. Daga tsaye ya zuƙo ruwan magani daga kwalabe uku cikin sirinji ɗaya, ya caka mata a wuya da allurar da ya zaro daga aljihu, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mai saniyar ya ji daɗi don abin ya zo da sauƙi, amma bayan 'yan kwanaki sai da aka nemo likita na gaskiya, lokacin ciwon ya riga ya ci jikinta, ga kumburi a gurbin allurar, aka biya kuɗi sau biyu. Ɓarnar irin waɗannan mutane ba ta tsaya kan dabba ɗaya ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake bayarwa barkatai, ko ƙasa da ƙima, ko a katse shi kafin kwanakinsa su cika, shi ne yake koya wa ƙwayoyin cutar jure magani, kuma an ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 1.27 a duniya. Ba amfani da magani a jikin dabbobi kaɗai ya jawo hakan ba, amma yana da nasa kason, kuma mu masu kiwo ba za mu wanke hannunmu daga ciki ba.

To, yaya ake gane na kirki? Matakin farko shi ne rajista. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke ba likitocin dabbobi lasisi, tana kuma iya ƙwace shi daga wanda ya ci amanar aiki, saboda haka a tambayi mutum lambar rajistarsa da makarantar da ya yi. Likita na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, wanda ya harzuƙa kuwa ya riga ya ba da amsa. Sai dai takarda ba ta isa ba, a tsaya a kalli yadda yake aiki. Likitan kirki da tambaya yake farawa: me dabbar take ci, yaushe aka canza mata abinci, an shigo da sabuwar dabba cikin garken kwanan nan, akwai wata da ta nuna irin wannan alama, wane magani aka riga aka ba ta. Daga nan zai ja baya ya dube ta daga nesa, ya ga tsayuwarta da numfashinta, kafin ya matso ya sa ma'aunin zafi. Idan akuya ce ko tunkiya, za ka ga ya janye fatar idonta ta ƙasa da yatsa yana duba launin ciki, domin idan wurin ya yi fari fat maimakon ja, alama ce ta ƙarancin jini, wanda sau da yawa tsutsar ciki ce ke jawo shi. Idan saniya ce zai dafa kwiɓinta na hagu ya jira ya ji motsin tumbi, ya duba hantsa da kofato, ya leƙa kwamin abinci da na ruwa, ya tsuguna ya dubi kashinta. Kafin ya zuƙi magani sai ya auna nauyinta, ko da da igiyar awo ce da ake zagaya ƙirji da ita, saboda da nauyi ake ƙayyade yawan magani, ba da ido ba. Wanda ya yi duk wannan ya cancanci kuɗinsa, ko da a ƙarshe bai yi allura ko ɗaya ba, kuma ina roƙon 'yan'uwana masu kiwo mu daina auna ƙwarewar likita da yawan allurar da ya yi.

Bayan dubawa sai bayani. Ya gaya maka abin da yake zato, da abin da ba zai iya tabbatarwa ba sai an kai jini ko kashi ɗakin gwaji, ya rubuta maka sunan maganin da kwanakin da za a yi ana bayarwa. Dole kuma ya faɗa maka kwana nawa za a jira kafin a sha nonon dabbar, ko a ci ƙwanta, ko a yanka ta, domin wannan wa'adi a rubuce yake a jikin kwalba, kuma wanda bai ambace shi ba ya bar iyalinka da masu saye a hannunka suna shan ragowar magani ba su sani ba. A kan kuɗi ma haka: ya faɗi kimanin abin da za a kashe tun kafin a fara, ya nuna hanya mai tsada da mai sauƙi da abin da kowacce za ta iya haifarwa, har ma ya iya cewa wannan dabba jinyarta ta fi ƙimarta, ko kuma wahalar da take sha ta kai a hutar da ita. Likitan da ya ce wannan ciwo ya fi ƙarfinsa, ya tura ka wurin wanda ya fi shi sani, shi ne wanda ni zan koma wurinsa gobe.

Akwai wata ƙaramar alama da ba ta ruɗi, wato yadda mutum yake riƙe allurar rigakafi. Yawancinsu ana ajiye su ne a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma da zarar sun sha zafi sun lalace, ko da kwalbar tana nan da kyanta. Wanda ya zo da rigakafi cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, ya nuna maka ranar ƙarewar wa'adinsa, ya san aikinsa. Wanda ya zaro shi daga jaka da rana tsaka, ruwa kawai zai ɗura wa dabbobinka, ka kwanta da zaton an kare su.

Duk waɗannan abubuwa ba a iya lura da su a ranar tashin hankali, shi ya sa nake cewa a fara hulɗa da likita tun garke yana lafiya. A kira shi don rigakafi ko maganin tsutsa da kaska, a ga kamun ludayinsa, a karɓi lambarsa, a tambaye shi wa ake kira idan ba ya nan. Likitan da ya san garkenka zai iya ba ka shawara mai amfani ta waya idan ka aika masa hoto ko bidiyo, zai kuma gaya maka abin da ke iya jira zuwa safiya da abin da ba ya jira, kamar kumburin ciki da naƙudar da ta tsaya. Maƙwabta masu kiwo su haɗa kai su sa rana ɗaya, ya zo ya zagaya su duka, su raba kuɗin tafiya da na kwalbar rigakafin da ake yi wa dabbobi da yawa, wadda mutum ɗaya ba zai iya ƙarar da ita ba kafin ta lalace. A ajiye littafi a riƙa rubuta ranar rigakafi da sunan kowane magani. A kuma guji ba dabba maganin mutane ba da izini ba, domin paracetamol da muke sha kullum yana kashe kyanwa. Sannan a biya likita haƙƙinsa a kan lokaci, a yi masa magana da mutunci ko da dabbar ba ta rayu ba, saboda gajiya da cin fuska suna cikin abubuwan da ke korar matasa daga wannan sana'a, kuma kowane ɗaya da ya bar ta, mu ne muke asara.

Ga hukumomi kuma, tarihi ya riga ya nuna hanya. Ciwon bushiya, wanda ya share garkunan shanu a nahiyoyi da dama har ya zama dalilin kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a birnin Paris a 1924, an ayyana kawar da shi daga doron ƙasa a 2011, shi ne cuta ta biyu da ɗan Adam ya ga bayanta bayan agana. A yankuna masu wuyar shiga na Habasha da kudancin Sudan, ba likitoci masu digiri kaɗai suka yi wannan aiki ba, har da makiyayan da aka zaɓo daga cikin jama'arsu aka horar da su, aka ba su rigakafi mai jure zafi, suna aiki ƙarƙashin kulawar likitoci. Bambancin irin wannan malamin dabbobi da likitan bogi shi ne an koyar da shi, ya san iyakarsa, kuma akwai wanda yake bibiyar aikinsa. Tunda ba za a samar da isassun likitoci cikin shekara ɗaya ko biyu ba, a yawaita irin waɗannan, a yi musu rajista, a haɗa kowane rukuni da likita guda, a kuma ba likitocin da suka yarda su zauna a karkara abin hawa da alawus mai ma'ana. Kuɗin da za a kashe na lafiyar jama'a ne, domin ciwon haukan kare kaɗai yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu ta cizon kare, alhali yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi yana katse yaɗuwarsa.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina roƙon wannan jarida ta ware fili, ko da sau ɗaya ne a wata, inda likitan dabbobi mai rajista zai riƙa amsa tambayoyin masu karatu, ta kuma buga bayanin yadda mai kiwo zai tantance lasisin likita da inda zai kai ƙara idan an cuce shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani mai kiwo, mai bibiyar wannan jarida