Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Tallafa wa Masu Barin Shaye-shaye, Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da 'yan'uwa mambobi, ga bayanin abin da Allah Ya nufe mu da yi a bana.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne wajen bin sawun yaran da aka sallamo daga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Da gangan kwamiti ya zaɓi haka. Ranar kai yaro asibiti ba a rasa mataimaka: kawu ya kawo kuɗin mota, maƙwabci ya yi rakiya. Ranar dawowa ce kowa ke watsewa. Yaro ya tarar da tsohuwar majalisarsa tana nan a bakin layi, mai sayar masa da tiramol bai tashi ba, a gida kuwa ko cokali ya ɓata shi ake kallo. Saboda haka muka rarrabu unguwa-unguwa, Mabera, Runjin Sambo, Arkilla da Gidan Igwai, duk wanda ya dawo muka haɗa shi da mutum guda mai leƙa shi, ya tuna masa ranar ganin likita, ya kuma zauna da iyayensa. Wasu mun sama musu gurbi wajen masu walda, ɗinki da gyaran waya. Iyayen gidan nan sun san tarihin yaran sarai, suka karɓe su a haka. Allah Ya saka musu da alheri.

Akwai waɗanda suka koma ruwa, kuma abin ya yi mana ciwo. Jikin da ya saba da tiramol ko kodin, in aka yanke masa, sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci. Wannan yakan lafa cikin kwanaki, amma kwaɗayin ƙwayar yakan ɗauki watanni yana taso wa mutum. Abin da muka fi nanata wa iyaye shi ne, wanda ya jima bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da yake sha a da, idan ya koma shan wannan adadin kai tsaye yana iya faɗuwa da jijjiga ko numfashinsa ya tsaya. Don haka duk lokacin da uba ya ce mana "na sallama shi", mukan koma mu durƙusa mu ce, Baba, yanzu ne ya fi bukatar a san inda yake kwana.

Har yanzu ana tambayarmu ko mun san wani gidan mari. Matsayinmu bai sauya ba, ba ma tura kowa inda za a ɗaure shi. Duk mun ga halin da aka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Ta fuskar wayar da kai, mun halarci taron ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi ta duniya, tare da jami'an hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, mun zaga tashoshin 'yan kabu-kabu, inda kullum amsar ita ce "don ƙarfin aiki nake sha". Limamai da dama sun saka batun a huɗuba, kuma mun ga amfanin hakan, domin bayan Juma'a ne iyaye suka fi nemanmu.

Inda aiki ya rage sosai shi ne ɓangaren mata. Binciken 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A wurinmu da ƙyar ake kawo mace. Tun watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma kwalbar ba ta daina shiga ɗakunan matan aure da 'yan mata ba. Uwa takan ɓoye don kada 'yarta ta rasa miji, miji ya ɓoye don gudun bakin dangi. Namiji ba ya shiga waɗannan gidaje, 'yan'uwanmu mata kuwa ba su da yawa, su ne ke bin taron suna da Islamiyyar matan aure su kaɗai. Muna roƙon kowane mamba ya kawo mana mace guda mai riƙon sirri a shekara mai zuwa.

Kuɗin ƙungiya kusan duka sun tafi ne a sayen magani da kuɗin mota zuwa Kware, ga shi komai ya yi tsada. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar, akwai yaran da maganinsu ke gab da ƙarewa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa